Wa ke karanta ma'aunin ruwan sama? A duba yadda ake ɗaukar malaman awo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili, ko da wasiƙar za ta ɗan yi tsawo, mu yi magana a kan wani ma'aikaci da ba a cika tunawa da shi ba, wato malamin awo, wanda ke fita kowace safiya ya karanta ma'aunin ruwan sama da na zafi, ya rubuta a rajista. Duk shekara idan hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ta fitar da hasashen damina, manoma daga Giwa har Soba sukan kasa kunne su ji yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke. Hasashen nan an gina shi ne a kan lambobin da wasu bayin Allah suka yi shekara da shekaru suna rubutawa da hannu. In lambobin suka gurɓace tun daga tushe, babu kwamfutar da za ta wanke su.

Abin da ya dame mu shi ne, yau duk inda aka zauna maganar tashoshin yanayi, zancen sayen na'urori ake yi. Wanda zai tsaya a kan na'urar, yadda za a zaɓo shi, mutum nawa ake buƙata, wa zai riƙa bin sawun aikinsa, duk wannan sai a bar shi a baya. Turawan mulki sun shafe fiye da shekara ɗari suna fama da wannan matsala a tashoshinsu na duban taurari da awon yanayi. Akwai abin da suka yi daidai da ya kamata mu riƙe, akwai kuma zaluncin da suka yi da bai kamata mu gada ba.

Ba sha'awar taurari kaɗai ta sa suka gina tashoshin ba. Jirgin ruwa a tsakiyar teku ba ya sanin inda yake sai da agogo mai kyau da jadawalin taurari, kuma kuskuren daƙiƙa 4 a agogo yana iya gusar da lissafin jirgi da kusan mil ɗaya. Shi ya sa kamfanin Ingila mai mulkin Indiya ya kafa tashar Madras a 1792, aka kafa ta kusa da Cape Town a 1820, ta Colaba a Bombay a 1826, ta Hong Kong kuma a 1883 saboda guguwar teku. Tsarin ma'aikatansu kusan iri ɗaya ne ko'ina, hawa uku. A sama akwai shugaba, wanda daga Turai ake turo shi, galibi bisa shawarar manyan masana na Ingila. A tsakiya akwai mataimaka Turawa ɗaya ko biyu. A ƙasa kuwa 'yan ƙasa ne, masu karanta ma'auni, masu lissafi, akawu da masinja. Kalmar nan ma da muke cewa kwamfuta, a wancan zamani sunan aikin mutum ce, mai zama da alƙalami yana tarawa yana ɗebewa daga safe har yamma.

Hawan tsakiya shi ya fara ba su wahala. Fearon Fallows, shugaban farko na tashar Cape Town, ya isa can a 1821, amma mataimakan da aka haɗa shi da su ba su yi masa rana ba. Wani shaye-shaye ya cinye shi, wani aka sallame shi, wani ya bar aikin ya koma. Aikin kuwa na mutum biyu ne a lokaci guda, domin yayin da tauraro ke ƙetare layin tsakiyar sama, ɗaya yana kama daƙiƙar da ya ƙetare a wata na'ura, ɗayan yana auna tsayinsa a wata. Ƙarshenta matarsa Mary Ann ce ta riƙe na'ura ta biyu. Ya rasu a 1831 bai daɗe da fara cin moriyar ginin ba. Dalilin rashin mataimakan kirki a fili yake. Ƙwararren Bature ba zai bar gida ya yi tafiyar watanni a teku don ƙaramin albashi ba, wanda kuma zai yarda ya je sau da yawa wanda ya rasa abin yi ne a gida.

Daga nan suka gwada soja. Wajen 1840, da Ingila ta shiga aikin auna maganaɗisun ƙasa a ƙarƙashin Edward Sabine, aka buɗe tashoshi a Toronto ta Kanada, da tsibirin St Helena, da Cape Town, da Hobart. Uku na farko sojojin igwa aka ɗora a kansu, laftanar ɗaya da saje da kofur-kofur, ta Hobart kuma sojojin ruwa. Hikimar ita ce soja yana da albashinsa tuni, ya saba da gadi na dare, kuma in an ce ƙarfe kaza to ƙarfe kaza ne. Suna karanta na'urori kowace awa biyu, daga baya kowace awa, dukkansu da agogon garin Göttingen na Jamus domin a iya gwama lambobin Kanada da na ƙarshen Afirka a daƙiƙa ɗaya. Akwai kuma ranaku na musamman da ake karatu kowane 'yan mintoci har kwana ya zagayo. Daga waɗannan lambobi ne Sabine ya gano a 1852 cewa rikicewar maganaɗisun ƙasa tana bin yawan tabon da ke fuskar rana. Amma tsarin yana da ramuka. Ba a karatu ranar Lahadi, kuma soja ana iya ɗauke shi a kowane lokaci, ya tafi da duk ƙwarewar da ya tara.

A Indiya ne suka samu abin da suke so, mutane masu ilimin lissafi da za a biya kaɗan. A nan ne kuma rashin adalcin ya fi fitowa. Radhanath Sikdar ya shiga aikin safiyon Indiya a 1831 a matsayin mai lissafi. Lissafinsa ne a 1852 ya nuna cewa dutsen da ake kira na 15 ya fi kowane dutse tsawo a duniya, amma sunan tsohon maigidansa George Everest aka sa wa dutsen. A shekarar nan ce kuma aka ba Sikdar kula da awon yanayi na Kalkata. A Madras, Chinthamani Ragoonatha Chary ya shafe rayuwarsa yana mataimaki. A 1867 ya gano cewa hasken wani tauraro na kudu yana raguwa yana ƙaruwa, a 1872 ƙungiyar masana taurari ta Ingila ta karɓe shi a matsayin mamba, amma har ya rasu a 1880 bai shugabanci tashar ba. Shi kansa shugaban na lokacin, Norman Pogson, da ƙarancin ma'aikata ya ishe shi, 'yarsa Isis ya jawo ta riƙa yi masa aiki, kuma ta yi shekaru kafin a fara biyanta.

Labarin Colaba ya fi kowanne nuna darajar malamin awo. A farkon Satumba na 1859 wata gagarumar guguwar rana ta bugi duniya, wayoyin tangaraho suka rikice a Turai da Amurka. A wasu tashoshin da ke da na'ura mai zana kanta a takarda, zanen ya fita daga takardar saboda girman abin. A Colaba da ido ake karatu. Da ma'aikatan suka ga allurar maganaɗisu ta haukace, sai suka bar karatun awa-awa suka koma karatu kowane 'yan mintoci. Har yau masana suna komawa kan rajistar nan don sanin iyakar ƙarfin da irin wannan guguwa ke iya kaiwa. Duk da haka sai a 1896 ɗan Indiya, Nanabhoy Moos, ya shugabanci tashar. Hukumar yanayi ta Indiya an kafa ta a 1875. Gilbert Walker, wanda ya riƙe ta daga 1904 zuwa 1924, ya gano alaƙar nauyin iska tsakanin tekun Pasifik da tekun Indiya, abin da yau ake haɗawa da ɗumamar ruwan Pasifik da ake kira El Nino, kuma rundunar akawuna 'yan Indiya ce ta yi masa dubban lissafin da hannu. Ɗan ƙasa bai hau kujerar shugabancin hukumar ba sai a 1944, wato bayan shekara 69.

Wannan rufin da aka yi wa na ƙasa da gangan aka yi shi, kuma daga Ingila ya samo asali. John Pond, wanda ya shugabanci tashar Greenwich daga 1811 zuwa 1835, ya faɗa ƙarara cewa ba masana yake nema su zama mataimakansa ba, yana son masu juriya ne da biyayya waɗanda za su yi ta aikin wahala ba gajiya. Magajinsa George Airy ya riƙa ɗaukar yara matasa aikin lissafi, yana ba su takardu bugaggu masu gurabe, kowane mataki da layinsa. Takardar mai gurabe dabara ce mai kyau, har gobe da ita ake aiki. Ra'ayin cewa mai cika ta ba ya buƙatar sanin dalilin abin da yake yi, shi ne gubar. Mutumin da bai san amfanin lamba ba, ranar da ya makara zai ƙirƙiro ta.

Akwai wani darasi daga Greenwich da duk mai ɗaukar ma'aikata ya kamata ya sani. A 1796 shugaban tashar, Nevil Maskelyne, ya kori mataimakinsa David Kinnebrook saboda in tauraro ya ƙetare layi, lokacin da yake rubutawa yana bayan na maigidan da kusan kashi 8 cikin 10 na daƙiƙa. An ɗauka sakaci ne. Bayan shekara ashirin da wani abu, Friedrich Bessel na Jamus ya gwada ƙwararrun masana da junansu, ya tarar kowa yana da nasa bambancin tsakanin ido da kunne da hannu. Tun daga nan aka koyi auna bambancin kowane ma'aikaci a rubuta, a riƙa gyara lambobinsa da shi. Ba kowane saɓani ne ha'inci ba, kuma ba a gane wanne ne wanne sai an san hannun wa ya rubuta kowace lamba.

A ƙasarmu Turawa ba su gina babbar tashar taurari irin ta Madras ba. Ruwan sama ne ya dame su, saboda auduga da gyaɗa da haraji da lafiyar ma'aikatansu. Da farko aikin ɗori ne, a kafa ma'auni a bayan asibiti ko ofishin Razdan ko gonar gwaji, a ce wa likita ko akawu ko malamin gona ya riƙa dubawa. Rajistar ruwan Kano ta faro tun wajen 1905, shi ya sa ake iya ganin farin 1913 da ya haifar da yunwar Kakalaba a cikin lambobi, a kuma gwama shi da na farkon shekarun 1970. A nan Samaru an kafa tashar aikin gona a 1922, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma rajistarta tana cikin mafiya tsawo a Arewa. Jirgin sama ne ya tilasta a ɗauki malaman awo na dindindin. Jiragen farko sun sauka Kano a Nuwamba 1925, a 1936 aka fara zirga-zirga tsakanin Khartoum da Kano, lokacin yaƙin duniya na biyu kuma jiragen yaƙi suka riƙa bi ta Takoradi da Legas da Kano da Maiduguri zuwa Masar. Matuƙin da zai sauka cikin hazon hunturu ba zai jira akawu ya gama shan shayi ba, yana son a gaya masa nisan da ido ke gani da nauyin iska a wannan awar.

Abin takaici, a ƙasar nan da ma akwai malamai da manoma masu lissafin taurarin shekara 28, kusan kowanne da kwana 13, suna sanin na bazara da na damina da na kaka, suna lura da fitowar Kaza da 'ya'yanta. Mutanen da suka saba ƙidayar kwana ba kuskure ke nan. Amma ƙofar shiga aikin Turanci ce da lambobin boko, don haka ilimin biyu suka yi ta tafiya kowa da hanyarsa.

Yanzu bari mu faɗi abin da aikin ya ƙunsa, domin wanda bai san aiki ba ba zai iya zaɓen mai yin sa ba.

Ma'aunin ruwan da muka gada faɗin bakinsa inci 5 ne, wato milimita 127, bakin kuma yana sama da ƙasa da ƙafa ɗaya, kusan santimita 30, a daidaice ba karkata. Nisansa da bishiya ko gini aƙalla ninki biyu na tsawon abin. Wannan yana nufin dalbejiyar da aka dasa kusa da shi tana ƙarama, bayan shekara goma ta fara satar ruwa, rajista kuma ta nuna kamar damina ce ke raguwa. Ana karantawa a sa'a ɗaya tsayayya kowace safiya, a zuba ruwan a kwalbar awo, a ɗaga ta daidai ido, a karanta ƙasan lanƙwasar ruwan. Ruwan da aka auna yau da safe na jiya ne, a gurbin jiya ake rubuta shi, kuma sabon ma'aikaci da ba a gaya wa wannan ba zai gusar da damina guda da kwana ɗaya. Kowace kwalba da irin bakin da aka yi ta dominsa. In ta fashe aka aro ta ma'auni mai inci 8, lambobin za su ragu fiye da ninki biyu da rabi, domin faɗin filin bakin inci 8 ya ninka na inci 5 sau 2.56. Haka nan tsofaffin rajistoci da inci aka rubuta su, inci ɗaya milimita 25.4, kuma wanda ya kwafe su bai lura da shekarar da aka sauya ba zai haɗa fari na ƙarya. Sifiri daban, gurbin da aka bari fayau daban. Sifiri na nufin an duba ba ruwa, fayau na nufin ba a duba ba.

Ɓarnar da ta fi yawa ita ce tara ruwan kwanaki. Ma'aikaci ya yi tafiya Juma'a, ya dawo Litinin, ya tarar da milimita 45, ya rubuta su duka a rana ɗaya, sauran ranakun ya sa sifiri. Jimillar wata ba ta canja ba, don haka ba mai lura. Amma ɗaya daga cikin ƙa'idojin da masana ke bi wajen tsayar da ranar saukar damina a yankinmu ita ce a samu milimita 20 cikin kwana 3, kuma kada a samu tsayawar ruwa fiye da kwana 7 cikin kwana 30 da ke biye. Da lambobin rana-rana ake wannan lissafi. Samaru tana samun wajen milimita dubu a shekara, amma manomi ba jimilla ce ta dame shi ba, yana son sanin ko ruwan Mayu na shuka ne ko na yaudara.

Akwatin ma'aunan zafi fari ne mai tagogin iska, ma'aunan suna tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa, a kan ciyawa gajera, nesa da kwalta da siminti. Littattafan da aka rubuta don Ingila sun ce ƙofarsa ta dubi arewa don kada rana ta faɗa ciki. A Zariya wannan rabin gaskiya ne. Muna kan digiri 11 ne arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta tsakar kanmu wajen 19 ga Afrilu da kuma wajen 24 ga Agusta, tsakanin waɗannan ranaku kuwa da tsakar rana tana arewa da mu. A watannin nan ta kudu ya kamata a buɗe, shi ya sa akwatin ƙasashe masu zafi ke da ƙofa biyu. A ciki akwai ma'auni huɗu. Mai riƙe zafi mafi tsanani na zaiba ne, bayan karatu sai an kaɗa shi da hannu zaibar ta koma. Mai riƙe sanyi mafi tsanani na sinadarin barasa ne da ɗan tsinke a ciki, karkata shi ake yi tsinken ya gangaro, kuma in kumfa ta raba ruwan cikinsa zai yi ta nuna sanyin da babu. Sai busasshe da jiƙaƙƙe, waɗanda bambancinsu ke ba da laimar iska. Jiƙaƙƙen an naɗe kansa da ƙyalle mai shara-shara, da lagwani da ke jawo ruwa daga 'yar kwalba. Ruwan sama ko tataccen ruwa ake sawa, domin ruwan rijiya yana barin gishiri ya daskarar da ƙyallen. Da hunturu ƙura tana toshe shi cikin 'yan kwanaki, kwalbar kuma tana ƙafewa da sauri. A Janairu da rana bambancin ma'aunan biyu yana wuce digiri 12. In lagwani ya bushe sai su nuna lamba ɗaya, rajista ta ce iska cike take da laima a ranar da leɓen kowa ke tsagewa.

Ma'aunin nauyin iska na zaiba shi ne ke rarrabe mai lissafi da mai kwafe. Zariya tana sama da teku da fiye da mita 600, don haka yakan nuna wajen miliba 940. Ba a aika wannan lamba yadda take. In zafin ɗakin digiri 30 ne, ana cire kusan 4.6 saboda zaiba ta kumbura, a cire kusan 2.3 saboda ƙarfin jan ƙasa a nan bai kai na wuraren da ke digiri 45 daga tsakiyar duniya ba, a gyara kuskuren shi kansa ma'aunin, sannan a mayar da lambar kamar a bakin teku aka auna. Nauyin iska a ƙasarmu kuma yana hawa yana sauka sau biyu kowace rana, ya kai ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na safe da na dare, ya faɗi wajen ƙarfe 4 na yamma da na asuba. Wanda ya makara da awa ɗaya ya rubuta kamar a kan lokaci ya karanta, ya sa kuskuren da zai iya kai girman canjin da mai hasashe ke nema. Ga kuma farantin awon ƙafewar ruwa, mai faɗin santimita 120.7 da zurfin santimita 25, wanda in ba shinge awaki da tsuntsaye za su sha, a rubuta cewa rana ce ta ƙafar.

To wane ne ya dace da wannan aiki, kuma yaya za a gane shi? Takardar shaida ba ta isa ba. A gwada shi a fili. A ba shi kwalbar awo sau goma da ruwan da mai gwajin ya riga ya san yawansa. A sa shi ya buɗe akwati ya karanta ma'auni zuwa kashi ɗaya cikin goma na digiri da sauri, ba tare da ya huro masa numfashi ko ya kusantar da fitila ba. A ba shi lissafin gyaran nauyin iska ya yi da hannu. A nuna masa sama ya faɗi kashi nawa cikin 8 gajimare ya rufe. A sa mutum biyu su karanta ma'auni ɗaya ba tare da sun ga takardar juna ba, a ajiye bambancinsu. Sannan a tambaye shi inda yake kwana, domin wanda zai taso daga Tudun Wada zuwa Samaru a kan babur cikin ruwan Agusta ba zai riƙa isa a kan lokaci ba komai kyan niyyarsa. Lokacin gwaji ya haɗa damina ɗaya da hunturu ɗaya, tunda matsalolinsu ba iri ɗaya ba ne. Mata ma a buɗe musu ƙofa. Hong Kong ta ɗauki Anna Doberck tun 1892, tana bin jiragen ruwa tana kwafo bayanan yanayi daga littattafansu.

Yawan ma'aikata lissafi ne mai sauƙi da ake yawan take shi. Babbar tasha tana aika rahoto kowace awa uku da agogon GMT, wato ƙarfe 1 na dare da 4 da 7 da 10 agogonmu, haka har kwana ya zagayo, ta filin jirgin sama kuma kowace awa ko ƙasa da haka. Mako yana da awa 168. In mutum yana aikin awa 40, ana buƙatar mutum 4.2 kafin a yi maganar hutu, rashin lafiya, kwas ko rasuwa a dangi. Ke nan biyar ne mafi ƙaranci, shida ne daidai. In aka ba wa mutum uku wannan aiki, rajista za ta cika tsaf, amma karatun ƙarfe 4 na asuba daga kan gado za a yi shi. Ƙaramar tashar ruwan sama ma tana buƙatar mutum biyu, na biyun ya san aikin kuma ya san inda makulli yake, saboda Juma'a da Lahadi da ranakun Sallah.

Bin sawu shi ne abin da Turawa suka fi mu riƙo da shi, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. A ɗauki karatu 100 na mutum ɗaya a ƙirga lambar ƙarshe ta kowanne. Daga 0 zuwa 9 kowace ya kamata ta fito kusan sau 10. In 0 da 5 suka cinye rabi, kintace ake yi. A duba ko Litinin ta fi sauran ranaku ruwa a shekara, domin hadari bai san mako ba. Jiƙaƙƙen ma'auni ba zai wuce busasshe ba, sanyi mafi tsanani kuma ba zai fi wani karatun wannan yinin zafi ba. Wajen gwama tasha da maƙwabciyarta sai an yi hattara, domin kowa ya san ana iya tafka ruwa a Samaru, cikin birni ko ɗigo babu. Jimillar wata da ta damina ake gwamawa. Kuma sufeto ya je da ƙafarsa aƙalla sau ɗaya a shekara da ma'aunin gwaji, ya duba bishiyoyi, ya duba ko bakin ma'auni ya lotse, ya rubuta ranar da ya zo. Wanda ya rubuta gaskiya cewa bai samu karantawa ba kada a hukunta shi fiye da wanda ya cike gurbi da ƙarya, in ba haka ba an koya wa kowa ƙarya ke nan.

Za a ce na'urori masu aiki da kansu sun zo, kuma duniya tana barin zaiba tun yarjejeniyar Minamata ta 2013. Gaskiya ne, muna maraba da su. Amma ma'aunin ruwa na zamani ɗan cokali ne mai juyewa duk bayan milimita 0.2. Ƙurar hunturu da kashin tsuntsu da gidan zanzaro suna toshe mazurarinsa, ruwan farko ya zo bai ƙirga komai ba. In ruwa ya yi ƙarfi irin na Agusta yakan ƙirga ƙasa da abin da ya zuba, domin wani yana wucewa yayin da cokalin ke juyawa. Ƙura tana rufe farantin hasken rana, batir ya mutu, na'ura ta yi shiru wata guda ba wanda ya sani. Dole a bar tsohon ma'auni da sabo su yi aiki tare aƙalla shekara ɗaya zuwa biyu, a san bambancinsu, in ba haka ba an yanke rajistar shekaru gida biyu, alhali ma'aunin yanayin wuri na shekara 30 ne, kamar na 1991 zuwa 2020 da ake aiki da shi yanzu. Duk wannan mutum ne zai yi shi, sai dai yanzu ana so ya ƙara da sanin batir da waya.

Roƙonmu ga NiMet, da ma'aikatun gona na jihohi, da jami'o'i da kwalejoji masu tashoshi, shi ne su cire rufin da Turawa suka bari. Malamin awo ya san cewa akwai hanya daga rajista zuwa makarantar horo irin ta Oshodi, daga can zuwa teburin hasashe. A biya shi kuɗin aikin dare, a ba shi ɗaki kusa da tasha. Tsofaffin rajistoci kuma da ke Samaru da gidan adana takardun tarihi na Kaduna da ofisoshin gona na ƙananan hukumomi, a ɗauki hotonsu kafin gara da yoyon rufi su gama da su. Masu shigar da su kwamfuta kada su kwashe lambobi kaɗai. Su haɗa da sa'ar karatu, da irin ma'auni, da ranar da aka matsar da tasha, da bayanan gefen shafi, da sunan wanda ya sa hannu a ƙasan kowane wata.

Wassalam.

Daga wasu ma'abota nazarin yanayi,
Samaru, Zariya.